Ku daina raina faifan Greatest Hits na Queen

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin masu cewa su ne suka san kiɗan Turawa, wai duk wanda ya ce yana son wata ƙungiyar mawaƙa amma faifan zaɓaɓɓun waƙoƙinsu kawai ya sani, to shi ba masoyi ba ne, ɗan kallo ne. Wani abokina da muke zama majalisa ɗaya ya faɗa min haka kwanan baya da nake yabon Greatest Hits, faifan zaɓaɓɓun waƙoƙin Queen, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, ya ce ai wannan faifan na malalata ne, kamfani ne kawai ya tattaro abin da ya riga ya sayar ya sake sayarwa, in kana son sanin Queen ka je ka saurari kundin waƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya tun daga na 1973. Na yi shiru a lokacin saboda hayaniya ta yi yawa a wajen, amma maganar ta tsaya min a rai, kuma wallahi ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ni a wurina wannan faifan da ya fito a watan Oktoban 1981 ya fi duk wani kundi da Queen suka taɓa fitarwa, har da A Night at the Opera da ake ta kambamawa.

Bari in fara da yadda na san su, don a gane ba a intanet na tsinci ra'ayin ba. Kawuna yana da wata Fijo 504 da yake jigila da ita tsakanin Kano da Zariya, in an yi hutun makaranta nakan bi shi ina karɓar masa kuɗi. Aljihun gaban motar cike yake da kaset, akasari Shata da Ɗan Maraya da karatun Alƙur'ani da yake sawa da asuba, sai wasu 'yan Indiya, sai kuma wani kaset guda ɗaya da ba shi da hoto, kwafi ne, an rubuta QUEEN a jikinsa da biro ja. Wani fasinja ne ya manta shi, ɗalibi ne ina jin, bai dawo nema ba. Ranar da muka fara sa shi mun baro Kwanar Dangora babu fasinja sosai, waƙar farko ta fara da muryoyi zalla babu kiɗa, sai fiyano ya shigo a hankali, mutumin yana rera abu kamar mai kuka, can sai abu ya rikiɗe ya koma kamar mutum ɗari suna amsa wa juna, kwatsam sai muka ji an ce Bismillah a tsakiyar Turanci. Kawu ya rage gudu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka ji abin da na ji?" Na ce, "Na ji Kawu." Ya ce mayar da shi baya. Na'urar motar ba ta iya mayarwa, sai na ciro kaset ɗin na zura biro a ramin na yi ta juyawa. Sau uku muka maimaita wurin kafin mu kai Zariya. Ba mu san sunan waƙar ba, ba mu san waye mai rerawa ba, sai bayan shekaru na san Bohemian Rhapsody ce, kuma mai muryar Freddie Mercury ne, wanda sunansa na yanka Farrokh Bulsara, an haife shi a Zanzibar a 1946, iyayensa 'yan asalin Indiya ne, ya yi makaranta a Indiya, sannan iyalin suka gudu Ingila a 1964 lokacin juyin juya halin Zanzibar.

To yanzu ka ce min da a ce kundin Queen II ne fasinjan ya manta, ko kuma Flash Gordon wanda kiɗan fim ne kusan gaba ɗaya, kana ganin Kawu zai bar shi ya kai minti goma a na'ura? Sam. Da tuni ya cire ya mayar da Shata. Abin da ya riƙe mu shi ne duk waƙar da ta ƙare wadda ta biyo ta ba ta bari ka miƙa hannu. Waƙa 17 ne a bugun Ingila, duka ba su cika awa ɗaya ba, kuma an jera su ne ba bisa shekarun fitowarsu ba, an jera su ne yadda kunne zai ji daɗi. Daga waccan doguwar mai kusan minti shida sai ka faɗa Another One Bites the Dust, wadda ba ta da komai sai bugun jitar bas mai nauyi da ganga busasshiya kamar ana daka, kai ka rantse ba mutane ɗaya suka yi su ba. Daga nan sai Killer Queen mai taushi da yanga. Wannan tsallen daga wani yanayi zuwa wani shi ne ainihin Queen, kuma babu wani kundi nasu guda da ya nuna shi kamar yadda wannan ya nuna.

Dalilin kuwa a fili yake in ka duba su waye a ƙungiyar. Mutum huɗu ne, Freddie, da Brian May mai jita, da Roger Taylor mai ganga, da John Deacon mai jitar bas, kuma duk huɗun kowa marubucin waƙa ne, kowa da inda ransa ya karkata. Brian May mutumin ilimin taurari ne, ya ajiye karatun digirinsa na uku saboda kiɗa sai a 2007 ya kammala a Imperial College, jitar da yake kaɗawa ma shi da mahaifinsa suka haɗa ta da hannu a gida, shi yana son kiɗa mai nauyi mai amo. Deacon shiru-shiru ne, kunnensa na wajen kiɗan baƙaƙen Amurka, shi ya rubuta Another One Bites the Dust da ta kai lamba ɗaya a Amurka a 1980, shi ya rubuta You're My Best Friend saboda matarsa. Freddie kuwa komai ma yana so, opera, kiɗan coci na baƙar fata, rok irin na zamanin Elvis. In mutum huɗu irin waɗannan suka shiga sitidiyo, dole kowa a ba shi fili a kundi, kuma gaskiyar da masoya ba sa son faɗa ita ce ba duk abin da aka ba fili ne ya cancanta ba. Na zauna na saurari kundin nan nasu duka daga baya da waya ta zo, wasu sau da yawa. Akwai zinariya a ciki, akwai kuma tsakuwa. Jazz na 1978 akwai waƙoƙin da in ka ji sau ɗaya ba ka ƙara nema. Hatta A Night at the Opera akwai inda za ka ji suna gwaji ne kawai don nuna iyawa. Greatest Hits shi ne inda aka sheƙe aka bar tsaba.

Abokina zai ce ai kasuwa ce ta zaɓa ba fasaha ba. To wace ce kasuwar? Mutane ne fa. Mutanen da suka ciro kuɗinsu daga aljihu suka sayi ƙaramin faifai saboda waƙa ɗaya, suka kira gidan rediyo suka ce a sake sa musu. Ban ga abin raini a nan ba. Mu nan ma ai haka muka san mawaƙanmu. Wa ya taɓa sanin Shata ta hanyar kundi mai lamba ɗaya da lamba biyu? Mutumin ya yi waƙoƙin da shi kansa ba a iya ƙidaya masa su ba har ya rasu a 1999, amma abin da ya shiga gidaje shi ne abin da masu kaset a kasuwa suka tsinto suka haɗa, da abin da gidajen rediyo suka yi ta maimaitawa saboda masu sauraro sun nema, Bakandamiya da 'yan uwanta. Babu wanda zai ce wa tsohon da ya haddace waɗannan ba ka san Shata ba tunda ba ka ji waƙar da ya yi wa wani ɗan kasuwa a wani ƙauye sau ɗaya ba. Kunnen jama'a ma alƙali ne, kuma alƙali ne da ba ya karɓar cin hanci na dogon lokaci, talla na iya tura waƙa ta yi wata biyu, amma ba ta iya riƙe ta shekara arba'in.

Kuma shekara arba'in ɗin ta wuce, ga abin da ya faru. Wannan faifan shi ne wanda aka fi saya a tarihin Birtaniya kakaf, ya wuce na Beatles, ya wuce na ABBA, ya wuce na Adele, a 2022 aka sanar ya haura kwafi miliyan 7 a ƙasar kaɗai. A Amurka ma in ka duba sahun gaba na faifan da aka fi saya za ka tarar da na Eagles, Their Greatest Hits na 1971 zuwa 1975, shi ma tarin zaɓaɓɓu ne, yana kafaɗa da kafaɗa da Thriller na Michael Jackson. Ba ina cewa yawan ciniki shi ne hujjar kyau ba, abubuwa marasa kyau da yawa ana sayensu. Abin da nake cewa shi ne waɗanda suke sayen na Queen yau akwai waɗanda ba a haife su ba lokacin da Freddie ya mutu a Nuwamban 1991, babu tallan 1981 da ya kai gare su, iyayensu ne ko yayyensu suka sa a mota kamar yadda Kawu ya sa, ya kama su.

Akwai ma wani abu da faifan ya yi wanda masu raina shi ba sa lura. Ba wai kawai ya tattara abin da ya riga ya yi suna ba ne, shi da kansa ya ɗaga wasu. Don't Stop Me Now da ta fito a matsayin waƙa guda a 1979 lamba 9 kawai ta kai a Ingila, a Amurka ma ko motsi ba ta yi sosai ba. Yau tana cikin waƙoƙinsu biyu uku da aka fi ji a duniya, biki, talla, fim, ko ina. Me ya raya ta? Zamanta a tsakiyar wannan faifan, inda duk wanda ya saya don Bohemian Rhapsody dole ya bi ta kanta, shekara da shekaru, har ta zama ta kowa. Da an bar ta a cikin Jazz can kusa da ƙarshe, da sai masu tono ne kawai za su san ta.

Sai kuma ƙarshen faifan, wanda ni a ganina babu faifan rok da aka rufe da kyau kamarsa. We Will Rock You sannan We Are the Champions, a jere, kamar yadda suke a News of the World na 1977. Ta farkon babu ganga a cikinta ma, ƙafa ce ake bugawa sau biyu a tafa sau ɗaya, Brian May ya tsara ta ne da gangan don 'yan kallo su zama su ne makaɗan, bayan sun ga yadda jama'a ke rera musu waƙa a wajen wasa har su kansu abin ya ba su mamaki. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo daren wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai ya ji ta biyun, lokacin da ake ɗaga kofi takardu na zuba daga sama. Na sha ganin samari a gidan kallo a unguwarmu suna bin amshin da ƙarfi, hannu a sama, wasu har da hawaye in kulob ɗinsu ne, kuma in ka tambaye su waye Queen za su ce maka sarauniyar Ingila. Waɗannan yaran in wata rana ɗayansu ya so sanin masu waƙar, ina za ka tura shi? Za ka ce ya je ya fara da kundin 1973 ya bi a hankali? Kafin ya kai inda yake nema ya gaji ya koma abin da ya saba. Ka ba shi Greatest Hits, cikin awa ɗaya ya san su waye, in ya so ya zurfafa ƙofa a buɗe take. Ni ma ta nan na shiga, kuma na zurfafa ɗin.

Yanzu bari in faɗi inda abokina yake da gaskiya, don yana da ita a wani wurin kuma ba zan ɓoye ba. Tarin zaɓaɓɓu yana iya yi wa mawaƙi kwaskwarima har ya sauya masa kama. Misalin da ya fi damuna shi ne Legend na Bob Marley da ya fito a 1984 bayan rasuwarsa, wanda kusan duk mai shagon kaset a ƙasar nan ya sayar da shi. Faifai ne mai daɗi, amma an fi cika shi da waƙoƙin soyayya da na kwantar da hankali, zafin Marley na siyasa da maganar Afirka da ke cikin kundi irin Survival an rage shi ƙwarai, har mutane da yawa suka ɗauka shi mai waƙar shaƙatawa ne kawai. Wannan hasara ce ta gaske. Haka kuma akwai ƙungiyoyin da tsinto waƙoƙinsu ɗaiɗai zalunci ne, Pink Floyd misali, The Dark Side of the Moon abu guda ne daga farko har ƙarshe, in ka yanko tsakiya kamar ka yanko hannun riga ka ce ga rigar. To amma Queen ba haka suke ba. Ba su zo da wani saƙo na siyasa da za a ce an ɓoye ba, kuma ba su gina kundinsu a matsayin labari guda ba in ka cire ɓangaren Queen II. Gwanintarsu ita ce waƙa guda mai minti uku ko huɗu da za ta cika filin wasa. Don haka faifan bai sauya musu kama ba, kamarsu ce ya nuna.

Abin da ya rage musu dai akwai. Babu Love of My Life a bugun Ingila, waƙar da dubban mutane a Ajantina da Brazil suka riƙa rerawa da kansu a 1981 har Freddie ya yi shiru ya bar musu. Roger Taylor ko waƙa ɗaya da ya rubuta babu a ciki, sai a Greatest Hits II na 1991 aka ga Radio Ga Ga. Ni kuma da za a tambaye ni da na cire Flash, don ba ta tsayuwa da ƙafarta in babu fim ɗin, surutun 'yan wasa ya yi mata yawa. Akwai kuma guda ɗaya da nake tsallakewa in yara na cikin mota saboda kalamanta ba su dace da tarbiyyarmu ba, wanda ya san faifan ya san wadda nake nufi. Waɗannan duk gaskiya ne, amma waƙa biyu cikin 17 ba sa rushe gini.

Wani abin da faifan ba zai gaya maka ba, kuma ya kamata mu 'yan Afirka mu sani, shi ne a 1984 Queen sun je sun yi wasa a Sun City a Afirka ta Kudu, lokacin mulkin wariyar launin fata, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar. An soke su sosai a Ingila, kuma sun cancanci sukar. Lokacin Mandela na kurkuku, Najeriya na kan gaba wajen yaƙi da wannan mulkin, ma'aikata da ɗalibai a nan har gudummawar kuɗi suka bayar. Da na karanta wannan labarin ya ɓata min rai ƙwarai, na ɗau lokaci ban sa su ba. A shekarar da ta biyo baya, 13 ga Yulin 1985, sai ga su a filin wasa na Wembley da ke Landan a wasan Live Aid na tara kuɗi saboda yunwar Habasha, suka yi kusan minti 20 da har yau ake cewa ba a taɓa wasa irinsa ba. Ɗayan bai goge ɗayan ba a wurina, duka biyun na riƙe. Amma ka lura, wannan tabon ba ya cikin kundin 1973 ko na 1975 ma, wanda ya saurari kundi goma sha biyar bai fi wanda ya saurari Greatest Hits saninsa ba. Karatu ne ke kawo wannan sanin, ba yawan faifai ba.

Kuma ka duba me suka yi a minti 20 ɗin nan na Wembley, da aka ce musu ga ɗan lokacinku, duniya na kallo. Ba su ɗauko wata ɓoyayyar waƙa daga bayan kundi don burge masana ba. Sun fara da Bohemian Rhapsody, suka bi da Radio Ga Ga da Hammer to Fall, sannan Crazy Little Thing Called Love, suka rufe da waɗancan biyun na filin ƙwallo. Huɗu daga cikin shida suna cikin faifan 1981, sauran biyun kuwa ba a riga an yi su ba ne lokacin da ya fito, suna cikin na biyun. Wato su da kansu da aka matse su suka zaɓi abin da zai wakilce su, zaɓinsu bai bambanta da na faifan da ake cewa na malalata ba.

Wani zai ce to yanzu da komai ke waya, kowa na iya haɗa jerin waƙoƙinsa a Spotify ko YouTube, ko ya je wajen masu tura waƙa a kasuwa a cika masa memori, meye amfanin wani tsohon tari? Ni na gwada, na haɗa nawa jerin na Queen, na sa Love of My Life, na cire Flash, na ƙara Under Pressure da suka yi da David Bowie. Jerin ya yi kyau amma kullum ƙara masa nake, yau waƙa 20 gobe 35, har ya zama ba ya ƙarewa a tafiya ɗaya, kuma na fara tsallake-tsallake. Shi wancan an yi shi ne lokacin da faifai ke da iyaka, gefe biyu, abin da bai shiga ba sai dai a haƙura, wannan matsin ne ya sa aka yi zaɓe na tsakani da Allah. Sannan nawa jerin ni kaɗai na san shi. Wancan kuwa direban tasi a Landan da ɗalibi a Tokyo da Kawuna a hanyar Zariya duk abu ɗaya suka ji a jere ɗaya, in waƙa ta ƙare duk sun san mai zuwa.

Kawu ya sayar da Fijon tun tuni, ƙafa ta hana shi tuƙi. Da na je gaishe shi da sallar da ta wuce muna zaune a zaure na sa masa faifan a waya ban ce komai ba, muryoyin farkon nan suka tashi, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ba mutanen nan masu Bismillah ba ne?" Na ce su ne Kawu. Ya ce in ƙara murya. Da doguwar ta ƙare, kafin ta biyun ta shigo, sai na ga ya fara buga sandarsa a ƙasa daidai da bugun bas ɗin da bai riga ya fara ba.